Amsa: Kai yaro ɗan shekara 4 kallon wasan The Lion King a Landan

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki kai ɗanki mai shekara 4 gidan wasan Lyceum ya kalli The Lion King a dandamali, tunda ya haddace katun ɗin. Ni dai na ce ki dakata sai ya kai shekara 6, wanda shi ne shekarun da masu wasan da kansu suke ba da shawara. Katun ɗin na 1994 bai cika awa ɗaya da rabi ba, shi kuwa na dandamali yana cin kusan awa biyu da rabi har da hutun tsakiya, kuma babu wani maɓallin da za ki danna a tsaya idan yaro ya ce fitsari.

Da na kai 'ya'yan yayata, ƙaramar ce ta ba mu aiki. A talabijin mutuwar Mufasa, sarkin zakunan, ba ta dame ta ba, amma a can ga duhu, ga ganguna suna dukan ƙirji, ga kuraye da girman mutum, sai ta fashe da kuka muka fita waje. Babbar kam ko ƙifta ido ba ta yi. In har kin riga kin yanke shawara, ki sayi tikitin wasan rana, ki nemi kujerar ƙasa ta bakin hanyar da ke tsakanin kujeru. Ta nan dabbobin suke wucewa a waƙar farko, har da giwa, kuma fita ba za ta yi miki wuya ba idan rigima ta tashi.