Shekara tara ina gyaran labari ɗaya, ƙarshensa ya ƙi zama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan ina fama da wani gajeren labari: an tsinci gawar injiniya a cikin kumbon da ke tafiya sararin samaniya, ɗakinsa a kulle ta ciki. Na sake rubuta shi fiye da sau ashirin, amma duk wanda ya karanta sai ya ce ƙarshen bai gamsar da shi ba. Wani mai kiran kansa edita ya ce in ƙara ɓoye sirrin, kada mai karatu ya hango komai sai shafin ƙarshe. Ko in jefar da shi ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kada ki jefar da labarin, editan nan ne za ki rabu da shi. Shawarar da ya ba ki ita ce cutar da nake gani kusan kullum, kuma ta gundure ni. Masu irin wannan magana sun ɗauka labarin binciken kisa ɓoyo ne. To wa zai ji daɗin kacici-kacicin da ba a ba shi abin da zai warware da shi ba? A labarin kimiyya abin ya fi muni, domin duniyar ta marubuci ce. Idan a shafin ƙarshe kika fito da wata na'ura mai ratsa bango wadda ba a taɓa ambata ba, mai karatu zai ji an yaudare shi, kuma gaskiyarsa ne.

Tun 1929 marubucin Ingila Ronald Knox ya sa cikin ƙa'idojinsa goma na rubuta labarin binciken kisa cewa kada a yi amfani da gubar da ba a sani ba, ko na'urar da sai an yi dogon bayanin kimiyya a ƙarshe. John W. Campbell ma, editan da ya yi suna a Amurka, gani yake yi ba za a iya haɗa labarin kimiyya da na binciken kisa ba saboda wannan dalili. Marubuci Isaac Asimov ya ba shi amsa da littafinsa The Caves of Steel a 1954: tun farko ya sanar da mai karatu cewa mutum-mutumi ba ya cutar da ɗan Adam, kuma mutanen birnin da ke cikin labarin suna tsoron fita fili. Da waɗannan dokoki biyu ake warware kisan, a gaban idon kowa.

Ina zargin kowane gyara da kika yi cikin shekarun nan, wani sabon abu kika ɗora don toshe ɓaraka, har alamomin rubutun farko suka daina nuna kowa. Ki bar goge jimloli tukuna, wanka da kashi ba ya fita. Ki ɗauki takarda ɗaya ki rubuta ainihin abin da ya faru daki-daki, da awanninsa. A wata takardar kuma ki rubuta dokokin kumbon: wa ke iya buɗe ƙofa, ina kyamara take, me kwamfutar ke adanawa. Duk dokar da warwarewar ta dogara a kai, ta bayyana kafin tsakiyar labari, a cikin wani aiki na yau da kullum. Na'urar da ba ta cikin takardun nan biyu, ki cire ta ko da kina son ta.

Sannan ki samo wanda bai taɓa karantawa ba, ki tsayar da shi saura shafi biyu, ki tambaye shi wa yake zargi da dalilinsa. Idan ya rasa ko dalili ɗaya, ki koma kan takardar farko.