Kada ka ɗage sunan, ɗana

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce mahaifinka, Yayana, bai cika wata ɗaya da rasuwa ba matarka ta sauka, an sami namiji, kana tambaya ko a ɗage suna sai gida ya huce, da kuma ko ya dace a mayar wa yaron sunan marigayi. Allah ya jiƙan Yaya, ya raya mana wannan yaro.

Kada ka ɗage. Makoki a shari'a kwana 3 ne. Wadda aka ɗora wa dogon zama ita ce mahaifiyarka, takabar wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara. Wannan hukunci bai hau kanka ba, balle jariri. Haƙƙinsa ne ranar bakwai a yanka masa, a aske masa kai, a raɗa masa suna, kuma a wurin Malikiyya rago ɗaya ya wadatar. Taro da shagali su za ka rage, don idon mahaifiyarka bai bushe ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce in ka ɗauki yaron ka ji daɗi, sai kunya ta kama ka, kamar ka ci amanar mahaifinka. Cire wannan daga zuciyarka. Annabi (SAW) an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa Abdullahi. Abdulmuɗɗalib, wanda mutuwar ɗa ba ta daɗe da dukansa ba, shi ya ɗauki jikan nan ya kai shi Ka'aba yana godiya, ya sa masa suna Muhammadu. Ba wanda ya ce ya manta da ɗansa. In kuka ya zo maka kana riƙe da yaron, yi abinka. Hawaye ba laifi ba ne, muddin baki bai faɗi abin da Allah ba ya so ba. Kada kuma ka ɓoye wa matarka, don mai jego in ta ga miji ya yi shiru sai ta ɗauka da ita ake.

Sunan kuwa, mayar masa. Annabi da kansa, da aka haifa masa ɗa, ya ce ya sa masa sunan babansa Ibrahim, wato kakansa Annabi Ibrahim. Ka san mahaifiyarka da matarka ba za su iya kiran sunan ba, don haka sai a yi masa alkunya, Abba ko Halifa. Sai dai ga inda nake ganin ana kuskure: yaro ya ci sunan kaka, sai kowa ya riƙa jin nauyin tsawata masa, ya tashi a sangarce. Wasu kuma su matsa lallai sai ya yi halin mai sunan. Suna ya gada, ba shi ne Yaya ba. Ka yi masa tarbiyya kamar yadda aka yi maka.

Ka gayyaci aminan mahaifinka, ko da tsufa ya hana wasu fitowa, ka je da ƙafarka ka faɗa musu; sada zumunci da su yana cikin biyayyar da ta rage maka bayan addu'a. Duk abin da ka so tambayar Yaya game da renon ɗa, kawo mini. Sanar da ni ranar, zan zo da wuri in tsaya a inda zai tsaya.