Tallafin Amurka ga masu ƙirƙirar kayan noma: kyauta ne, amma ba jarin kasuwanci ba ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Kano ne, na karanci injiniyancin noma, yanzu ina zaune a jihar Indiyana ta Amurka ina aiki da wani kamfani, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Na haɗa wata 'yar na'ura da ake cusawa cikin buhu ko rumbu, tana auna danshin hatsi ta turo saƙo ta waya. Wani abokin aiki ya ce mini gwamnatin nan tana ba ƙananan kamfanoni kuɗi kyauta don irin wannan aiki. Da gaske ba a biya? Na cancanta? Kuma zan iya tura wa ƙanena kuɗin ya yi gwajin a Kano, tunda dama manoman gida na yi wa ita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya sa wa wannan basira albarka.

Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Shirin da yake nufi shi ne SBIR, wato tallafin binciken ƙirƙira ga ƙananan kamfanoni, wanda Shugaba Ronald Reagan ya sa wa dokarsa hannu a 1982, bayan hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, ta gwada shi tun 1977. Dokar ta wajabta wa duk hukumar tarayya da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da take bai wa mutanen waje ta ware wa ƙananan kamfanoni kasonsu. Kason ya fara da 0.2 cikin 100, ya yi ta hawa har ya kai 3.2 a 2017. Hukumomi 11 ne a ciki, kuma ma'aikatar noma tana tafiyar da nata ta hannun cibiyarta mai suna NIFA. Ba bashi ba ne, babu kuɗin ruwa, gwamnati ba ta karɓar hannun jari a kamfaninka. Haƙƙin mallakar abin da ka ƙirƙiro ma naka ne, bisa dokar Bayh-Dole ta 1980, sai dai gwamnati tana da damar amfani da shi a ayyukanta ba tare da ta biya ka ba.

To amma ka kula da abin da ake biya da kuɗin, domin a nan yawancin masu nema suke sakin hanya. Ba a ba ka shi don ka buɗe shago, ko ka ƙera na'ura dubu ka raba wa dillalai, ko ka yi talla. Abin da gwamnati ke saye a hannunka shi ne amsar wata tambaya ta fasaha da ba a riga an amsa ba, irin wadda banki ba zai ba da rance a kanta ba saboda tana iya ƙarewa da "bai yiwu ba". Duk takardar da ta ce "na'urata tana aiki, ina son kuɗin faɗaɗa sana'a" ta faɗi tun kafin a kai shafi na biyu. Wadda ake karantawa har ƙarshe ita ce mai cewa: ga abin da ban tabbatar ba tukuna, ga yadda zan auna shi, ga sakamakon da in na samu zan san na ci nasara, ga kuma wanda in na gani zan san hanyar ba ta ɓullewa.

Mataki uku ne. Na farko a ma'aikatar noma wata takwas ne, kuɗinsa a da dala 100,000 ne, daga baya ya haura zuwa 125,000 har 175,000 gwargwadon fanni, kuma aikinsa nuna cewa dabarar mai yiwuwa ce. Wanda ya ci na farko ne kaɗai ke iya neman na biyu: shekara biyu, kimanin dala 600,000, don mayar da samfurin gwaji kayan da za a iya kai wa kasuwa. Na uku shi ne shiga kasuwar, kuma a nan babu ko sisin shirin, sai kuɗin masu zuba jari ko na masu saye. Ma'aikatar noma sau ɗaya take buɗe ƙofa a shekara, sannan a ɗauki watanni kafin a ji sakamako, kuma waɗanda ake mayarwa sun fi waɗanda ake ɗauka yawa nesa ba kusa ba. Kada ka ajiye aikinka saboda ka tura takarda.

Maganar cancanta kuwa, takardar zamanka ta share maka babban shinge. Ana son kamfani mai neman riba, mai rajista a Amurka, wanda ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, kuma fiye da rabinsa mallakar 'yan ƙasa ne ko masu zaman dindindin. Inda za ka tsaya ka yi tunani shi ne sharaɗin jagoran aikin: lokacin da aka ba da kuɗin, dole fiye da rabin lokacin aikinsa ya zama na ƙaramin kamfanin ne. Ba za ka riƙe cikakken aikinka na yanzu ka kuma zama jagora ba. Haka nan kamfanin da kansa zai yi aƙalla kashi biyu cikin uku na aikin matakin farko, rabi a na biyu. Akwai ɗan'uwan shirin, STTR, da aka kafa a 1992, wanda ke tilasta haɗa kai da jami'a ko cibiyar bincike: kamfani ya yi aƙalla kashi 40 cikin 100, cibiyar aƙalla 30. Ga wanda ba shi da ɗakin gwaji nasa, wannan ya fi sauƙi. Wani abu kuma da ban so ka tsallake: ka koma ka karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka aiki. Kamfanonin injiniyanci da yawa a can suna rubuta cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a fannin sana'arsu nasu ne, ko da a garejin gidansa ya haɗa shi. Ka nuna wa lauya ita kafin ka kashe ko dala ɗaya.

Batun ƙaninka: a'a. Aikin binciken a cikin Amurka ake yinsa, togaciyar da ake yi kaɗan ce ƙwarai kuma sai da izini a rubuce. Tura kuɗin Kano a ce an yi gwaji laifi ne da ke kai mutum kotun tarayya, kamar yadda karɓar tallafi biyu a kan aiki ɗaya yake. Tun sabunta dokar da aka yi a 2022 ma ana tambayar mai nema alaƙarsa da ƙasashen waje, don haka in ƙanin naka yana da hannu a kamfanin, ka bayyana shi ƙarara.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Ka ce manoman gida ka yi wa na'urar, alhali masu duba takardarka za su tambaye ka wace matsala ta noman Amurka take warwarewa. Babban manomin masara a Indiyana yana da rumbunan ƙarfe masu fanka da wayoyin auna zafi, kuma na'urorin auna danshi sun daɗe a kasuwa. Za a ce maka: me taka ta zo da shi? Ka nemi amsa a wajen ƙananan gonaki da matsakaita, waɗanda shirin ma'aikatar noma ya ware musu fanni na musamman, da masu noman da ba sa sa maganin feshi, da masu adana iri. Tambayar bincikenka tana iya zama haka: shin na'ura mai arha za ta ba da awo daidai da na babbar na'ura a masara da wake da alkama, cikin sanyin hunturu da zafin bazara, ta yi wata shida a cikin hatsi batirinta bai mutu ba? Masarar da za a kai kasuwa ana son danshinta kusan 15 cikin 100, wadda za ta daɗe a ajiye kuwa kusan 13, kuma a ɗan tsakanin nan ne fumfuna ke samun gindin zama. Na'urar da ke kuskure da maki biyu ba ta da amfani ga kowa, a can ko a gida. In ka amsa wannan da kuɗin Amurka a ƙasar Amurka, ilimin da ka samu naka ne, kuma babu mai hana ka kai shi Kano daga baya da kuɗin aljihunka.

Shin kuɗin yana kai mutane kasuwa kuwa? Yana kai wasu. Kamfanin Blue River Technology, wanda aka kafa a Kalifoniya a 2011, ya samu irin wannan tallafi daga NSF yana ƙera injin da ke gane tsiro da kyamara a gonar latas, a 2017 kuma kamfanin taraktoci na John Deere ya saye shi kan dala miliyan 305. A shekarar ne masaniyar tattalin arziki Sabrina Howell ta fitar da bincikenta kan masu neman tallafin a ma'aikatar makamashi, ta gano cewa cin matakin farko yana kusan ninka damar samun masu zuba jari, kuma dalilin shi ne kuɗin yana ba mutum halin ƙera samfurin da za a gani yana aiki. Akwai kuma kamfanonin da suka mayar da cin tallafin sana'a, su gama wannan su nemi wancan, shekara da shekaru babu abin da suka sayar, har majalisa ta tsananta musu sharuɗɗa a 2022.

Misalin da na fi so ka riƙe yana kusa da kai, a jami'ar Purdue da ke jiharku, ko da yake ba ta wannan shiri ya biyo ba. Buhun nan na PICS mai ruɓi uku da ake adana wake, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, Farfesa Larry Murdock da abokan aikinsa na Marwa a Kamaru sun gano dabararsa tun ƙarshen shekarun 1980, da kuɗin hukumar USAID. An tabbatar tun lokacin cewa in aka hana iska shiga, ƙwari na mutuwa ba tare da magani ba. Duk da haka bai yaɗu ba sai bayan 2007, da gidauniyar Gates ta sa kuɗi aka samo masu ƙera shi, ciki har da wata masana'anta a Kano, aka haɗa su da dillalai, aka riƙa zuwa ƙauye-ƙauye ana ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance shi kowa ya ga waken da idonsa. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin gano dabara da isarta kasuwar ƙauye, kuma abin da ya rage duk tsawon lokacin ba bincike ba ne. Wanda zai ƙera, da wanda zai sayar, da farashin da manomi zai iya biya aka rasa.

Saboda haka tun kafin ka rubuta layi ɗaya, ka zagaya wurin manoma da masu rumbunan haya na yankinku ka ji nawa suke asara, da me suke aunawa yanzu, nawa za su iya biya. Wanda ya nuna sha'awa ka roƙe shi wasiƙar goyon baya, domin masu duba takarda suna ba ta nauyi, a mataki na biyu kuma sai ka kawo cikakken tsarin yadda za ka sayar. Ka yi wa kamfanin rajista, ka buɗe asusu a shafukan gwamnati na SAM.gov da Grants.gov da wuri don yakan ci makonni, kuma buɗe asusun kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya shi ya "samo maka" tallafin, ka rabu da shi. Dokar shirin tana da wa'adi da majalisa ke sabuntawa, adadin kuɗin ma yana canzawa, don haka sanarwar NIFA ta shekarar da za ka nema ita ce madogararka. Cibiyoyin taimaka wa ƙananan sana'o'i na SBDC da ke kowace jiha suna ba da shawara ba tare da an biya ba.

Ƙaninka kuwa yana da aikin da ba ya bukatar dala. Ya shiga Dawanau ya zauna da 'yan kasuwar hatsi, ya ga yadda mutum ke zura hannu cikin buhu ya ɗebo masara, ya ciji ƙwaya ɗaya ya saurari ƙararta, ya yanke farashi a kan haka. Ya tambaye su sau nawa haƙorin ya yaudare su, buhu nawa suka taɓa buɗewa suka tarar ya yi fumfuna, kuma wa zai sayi na'urar, manomi ko mai sito. Ka kuma sani rajistar mallakar ƙirƙira da aka yi a Amurka ba ta kare ka a Najeriya, sai an yi wata daban a Abuja. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira a kan wannan, cibiyar NCAM da ke Ilorin kuma ita ke gwada kayan aikin gona. Ka fara maganar rajistar kafin ka tura masa samfurin ya riƙa nunawa a kasuwa.