Malama, kada ki wanke allon sai sun iya

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taya ki riƙo. Na karanta tambayarki har sau biyu: an ba ki aji ɗaya a bana, yara 93, hedimasta yana so dayarinki, wato littafin da kike rubuta abin da kika koyar, ya riƙa tafiya daidai da sikim, wato jadawalin abin da za a koyar, mako-mako, ke kuma kina son sanin haruffa nawa ya kamata ki koyar a mako, da yadda za ki gane ko yaran na biye da ke ko ke kaɗai kike ta tafiya. Shekarata 19 ina koyarwa a firamaren gwamnati a nan cikin birni, 12 daga ciki a aji ɗaya da aji biyu, kuma wannan tambayar taki ta taɓa sa ni kuka, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Shekarata ta biyu a aji ɗaya na gama sikim tas tun kafin ƙarshen zango na uku. Idan na nuna allo, ajin ya ɗauka: ba, be, bi, bo, bu, har masu wucewa a bakin titi suna jiyo mu. Kowa na yabona. Da aka dawo hutu suka shiga aji biyu, malamar ajin, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta kira ni gefe ta ce in zo in ga wani abu. Ta riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu kalma uku a kwali: nama, tasa, kifi. Cikin yara 80 da 'yan kai, 14 ne suka karanta. Sauran ashe duk 'yan amshi ne. Akwai yarinyar da aka nuna wa "bo", sai ta rufe ido ta faro daga "ba" a hankali, tana ƙirgawa da yatsa har ta iso. Waƙa ta haddace, harafin bai taɓa shiga idonta ba. Shekara guda cur ta yaran mutane ce ta tafi a hannuna, ni kuwa dayarina cike yake da sa hannu.

Da na koma gida na ba mahaifina labari, Allah ya jiƙansa, shi malamin allo ne. Sai ya ce min su ba sa wanke wa yaro allo sai ya zo ya durƙusa gaban malam ya karanta shi kaɗai. Ko yara ɗari ne a tsangaya, kowa da inda ya tsaya, kuma malam ya san wurin. Wanda yake babbaƙu ba a tura shi farfaru don watan ya ƙare. Tun daga ranar na sauya aikina. Sikim yana gaya miki abin da za ki koyar ne, ba ya gaya miki abin da aka koya, kuma ba mai gaya miki wannan sai bakin yaron shi kaɗai.

To, mu dawo kan lissafin mako. A takarda zango yakan kai mako 12 ko 13, amma ke ma kin san ba haka yake a aji ba. Makon farko shara ne da ɗaukar sababbin yara da neman wurin zama. Biyun ƙarshe bita ne da jarrabawa. Ki cire ranakun hutu, ki cire safiyar hunturu da rabin aji ba sa isowa sai rana ta ɗaga, ki cire azumi idan ya faɗo a ciki, da ranakun da ruwan sama zai hana ki jin muryar kanki a ƙarƙashin kwano. Ni mako 9 nake ƙirgawa na koyarwa ta gaskiya a kowane zango. Duk wanda ya tsara miki aiki a kan mako 13, bashi ya ɗora miki.

Haruffan Hausa na boko kuwa ba su da yawan da zai tayar miki da hankali. Wasula 5 ne, baƙaƙe sun ɗan haura 20, sai masu goyo irin su kw, ky, gw, gy, ƙw, ƙy, da tagwan wasali ai da au. Kuma mun yi sa'a, Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba kamar Turanci ba. Ni harafi biyu nake koyarwa a mako, ba na ƙarawa. Litinin sabo, Talata a haɗa shi da wasulan da aka sani a yi gaɓa, Laraba wani sabon, Alhamis a haɗa kalmomi da su duka, Juma'a da ake tashi da wuri bita ce kawai da rubutu. Duk bayan mako uku, na huɗun ba sabon harafi ko ɗaya, sai komawa baya. Da wannan tafiyar, zangon farko za ki samu haruffa 14 ko kusa da haka da suka zauna daram. Zango na biyu ki ƙarasa sauran, yaro ya riƙa karanta kalma mai gaɓa biyu ko uku. Zango na uku masu goyo da gajerun jimloli, har ya kai ga ɗan labari mai layi huɗu ko biyar, ki tambaye shi me ya faru ya gaya miki. Wannan ne burina na shekara, kuma na fi son in ji shi a bakin yara 60 da in rubuta a dayari cewa na wuce shi.

Kada ki bi jerin a, b, c, d. Ki fara da haruffan da za su ba ki kalma da wuri. Da a, n, m, k kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, mana, kana. Ki ƙara t da u, sai ga shi ya karanta "Nana tana kuka" da kansa. Ranar da yaro ya fara karanta jimla ba wanda ya faɗa masa, ki kalli fuskarsa, za ki gane dalilin da ya sa muke wannan aiki duk da albashin da kika sani. Sannan ki raba b da d da nisa, aƙalla mako uku tsakaninsu, domin su ne suka fi rikita yara. Masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ, kada ki kawo su sai 'yan uwansu marasa ƙugiya sun zauna, sai ki kawo su da kalmomin da za su nuna bambancin: bari da ɓari, kafa da ƙafa, daki da ɗaki. Yaranmu sun san bambancin a kunne tun suna goye, idon ne kawai za ki koya wa.

Wani abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne waƙar e, bi, si, di. Yawancin yaran sun zo da ita daga nazare ko daga yayyensu. Sai ki nuna a, yaro ya ce "e", ki nuna e ya ce "i", ki nuna i ya ce "ai", ki nuna c ya ce "si" alhali a Hausa sautin da ke farkon "ci" ne. Ba daƙiƙanci ba ne, sunayen Turanci ne suka riga shiga. A darasin Hausa sauti kawai nake koyarwa, ina gaya musu ƙarara cewa wancan sunan na darasin Turanci ne. Duk muhawarar da manya ke yi a sama kan harshen koyarwa, ni abin da na gani da idona shi ne yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, idan ya zo Turanci ba daga tushe yake farawa ba.

Yanzu ga babban abin, yadda za ki bi sawunsu. Ki sayi littafin rubutu guda, ki keɓe shi, kada ki haɗa da rajista. Sunayen yara a gefen hagu, kwanan wata a sama. Matakai biyar nake da su: bai fara ba, harafi, gaɓa, kalma, labari. Lamba kawai nake sa wa, 0 zuwa 4. Kullum ina sauraron yara goma, kowa minti ɗaya, yayin da sauran ke kwafe rubutu daga allo. Da kira da zuwa da komawa, minti 15 zuwa 20 ya isa. A ajinki mai 93, kwana goma na makaranta kin zagaye kowa, ma'ana kowane yaro za ki ji muryarsa shi kaɗai sau biyu a wata. Na san za ki ce ajin zai hargitse. Zai hargitse a makon farko. Daga baya su da kansu za su riƙa tuna miki, "Malama yau layinmu ne."

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Gwajin da ake kira EGRA, wanda ƙungiyoyi ke amfani da shi a ƙasashe da dama har da Arewacin Najeriya, haka yake: yaro ɗaya, takarda ɗaya, minti ɗaya, a ƙirga abin da ya karanta daidai. Raba yara bisa matakinsu kuma shi ne tsarin TaRL da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya, wanda aka gwada a jiharmu ta Kano ƙarƙashin shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa tare da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da 'yan aji huɗu zuwa shida. Ki tsaya ki yi tunani a kan wannan: 'yan aji huɗu zuwa shida ake mayarwa su koyi harafi da kalma. Daga ajinmu, ni da ke, suka fito a haka.

Wajen gwajin ki kiyaye abu biyu. Kada ki yi amfani da kalmomin da ke kan allo ko jikin bango, sun haddace su har da wurin da kowace take. Ki yanka kwalin taliya ko na sabulu ki rubuta haruffa a hargitse, kina sauya su. Kuma ki riƙa jefa kalma ɗaya ko biyu marasa ma'ana, kamar "timu". Mai hadda zai tsaya cak, mai karatu zai haɗa ya faɗa, wani ma ya ɗago ya ce miki, "Malama wannan ai ba magana ba ce." Wannan yaron ya iya. Na biyu, fuskarki. Yaro ɗan shekara shida yana karanta fuskar malama kafin ya karanta takarda. Idan ya kuskure ki ce masa madalla da ƙoƙari, ki rubuta lambarki, ya koma. Ba bulala, ba tsawa, kuma littafin nan ba a karanta shi a gaban aji.

Yaushe za ki wuce gaba? Ba za ki jira duka 93 ba, in kin jira ba za ki motsa ba, masu ƙoƙarin kuma su gaji su fara fitina. Ni ƙa'idata ita ce idan bakwai cikin goman da na saurara sun iya haruffan makon, sai in wuce. Idan ba su kai ba, makon gaba maimaici ne, ko me sikim ya ce. Ukun da suka rage kuwa ba a bar su ba: su ne ke zama a gaba kusa da ni, kuma minti goman ƙarshe na darasi nasu ne, yayin da 'yan matakin kalma ke karanta wa juna kwalaye biyu-biyu a baya.

Littafin zai nuna miki abin da ido ba ya gani a cikin taro. Idan yaro ya yi zagaye uku lambarsa ba ta motsa ba, ki buɗe rajista ki duba zuwansa kafin ki yanke masa hukunci. Sau da yawa za ki tarar yarinya ce mai talla da safe, ko yaro ne da ba ya zuwa duk ranar da babansa ya tafi da shi kasuwa. Wani ba ya karyawa. Na taɓa samun yaron da ya shafe zango guda a 0, shiru-shiru, yana can ƙarshen aji jikin taga. Da na dawo da shi gaba na lura sai ya juyo min da kunne ɗaya idan ina magana. Na aika aka kira mahaifiyarsa, aka kai shi asibiti, ashe ciwon kunne ne ya daɗe yana damunsa. Kafin ƙarshen shekara yana karanta kalma. Da a cikin amshi na bar shi, da har yau sunansa daƙiƙi.

Batun hedimasta kuma, kada ki yi jayayya da shi, shi ma masu zuwa duba aiki daga ƙaramar hukuma dayarin za su fara buɗewa. Amma kada ki rubuta abin da ba ki koyar ba. Idan kin maimaita mako, ki rubuta kin maimaita, ki sa dalili a layi ɗaya. Ki ɗauki littafinki ki kai masa ofis da ladabi, ki ce, "Ranka ya daɗe, ga inda suke a farkon zango, ga inda suke yau." Shugabanni huɗu na yi aiki a ƙarƙashinsu tun da na fara wannan, ba wanda ya ga lambobin nan suna hawa ya ce in daina. Ɗaya daga cikinsu ma sai da ya sa malaman aji biyu da uku suka buɗe irinsa.

Ran Litinin, in Allah ya kai mu, kada ki koyar da sabon harafi. Ki shiga da kwalayenki ki fara da layin farko, ki bi su har ki zagaye ajin. Abin da za ki gani zai iya sosa miki rai, musamman a kan waɗanda muryarsu ta fi ta kowa tashi. Idan kin gama, ki turo min adadin da kika samu a kowane mataki da haruffan da kika riga kika koyar, sai mu zauna mu tsara sauran makonnin zangon tare.