Dundumi da shawara a lokaci ɗaya

Malam, sannu da jinya. Ka ce ƙanenka da an yi magariba sai ya riƙa laluben bango, ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na farkon dundumi ne, yawanci ƙarancin bitamin A ke kawo shi. Na biyun shawara ce, kuma ita ta fi tayar min da hankali.

Haɗuwarsu kan nuna hanta. A hanta jiki ke ajiye bitamin A, kuma sai da ruwan matsarmama hanji ke iya tsotse shi daga abinci. In hanta ta kamu, kamar da ciwon hanta nau'in B, ko hanyar matsarmama ta toshe, duka biyun na iya bayyana. Sikila da zazzaɓin cizon sauro ma suna sa shawara.

Ku duba fitsarinsa. In ya yi duhu kamar baƙin shayi, don Allah kada ku tsaya jiƙo, ku kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a gwada jini. Zogale da manja za su taimaka, amma kada ku sayo ƙwayar bitamin A a kemis, yawanta na illata hanta. Allah ya ba shi lafiya.