Maƙwabcina Yana Tare Mini Ruwa, Wai Na Sama Ne Ke Fara Sha

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomin rani ne a Dadin Kowa, ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Mu shida ne muke shan ruwa daga ƙaramin kanal ɗaya, gonata ce ta ƙarshe. Mun yi yarjejeniya a gaban shugaban ƙungiyarmu, kowa da ranarsa. Amma maƙwabcina na sama sai ya zo da daddare ya jera buhunan ƙasa ya tare ruwan, ko da ranata ce. Da na yi masa magana sai ya ce ai hadisi ne, na sama ke fara sha. Sannan kanal ɗin nan shi ne iyakarmu, duk shekara in ya zo yashe shi sai ya riƙa saran gefena yana zuba ƙasar a nasa, yanzu ya ci kusan taku biyu cikin gonata. Shinkafata ta yi ciki, ƙasa har ta fara tsagewa. Ya halatta in je da dare in farke buhunan?

AMSA: Wa alaikumus salam. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, bakinka kaɗai na ji, don haka amsar tana kan abin da ka faɗa ne.

Hadisin da maƙwabcinka ya kawo ingantacce ne, sai dai ya ɗora shi inda ba gurbinsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan ruwan da ke gangarowa daga Harra, wani fili mai duwatsu a gefen Madina. Annabi (SAW) ya ce wa Zubairu ya shayar, sannan ya sakar wa maƙwabcinsa. Mutumin ya fusata ya ce, don ɗan goggonka ne? Fuskar Annabi ta sauya, ya ce Zubairu ya riƙe ruwan har ya kai ga gindin katanga. A Muwaɗɗa kuma Malik ya kawo hukuncin da Annabi ya yanke kan kwararon Mahzur da Muzainib, wasu kwaruruka biyu a Madina: a riƙe ruwa zuwa idon sawu, sannan na sama ya sakar wa na ƙasa.

Wane irin ruwa ne wannan? Ruwan sama ne da ya kwararo a kwari, ba wanda ya haƙa masa hanya, ba wanda ya mallake shi. Ko a nan ma malamanmu na Malikiyya ba su bar na sama ya yi yadda ya ga dama ba. Shehu Halil ya sa sharaɗi a Muhtasar: na sama yana fara sha ne idan shi ya riga raya gonarsa, kuma iyakarsa idon sawu. Har ya ce a umarce shi ya daidaita ƙasarsa, don kada ya fake da tudun gona ya ce ruwa bai kai ba alhali kwarinta ya cika ya batse. To wanda ya kwana da buhuna a bakin kanal, wane idon sawu ya auna?

Ruwanku kuwa hukuncinsa daban ne. An tare kogin Gongola da madatsa tun a shekarun 1980, aka haƙa masa hanya da kuɗin jama'a, ana buɗewa ana rufewa da tsari. Halil ya ci gaba da cewa idan ruwa ya shiga mallaka tun daga tushe, rabawa ake yi da "ƙildi" ko waninsa. Ƙildi tukunya ce da ake huda gindinta a cika ta da ruwa. Muddin tana ɗiga mai rabo yana shayarwa, in ta ƙare layi ya wuce kan na gaba. Agogon mutanen da ke nan. A irin wannan ruwa babu na sama babu na ƙasa, rabo ne kawai. Kuma rabon ruwa da kwanaki yana da asali a Alƙur'ani: a Suratush Shu'ara aya ta 155 Annabi Salihu ya ce wa mutanensa taguwa tana da ranar shanta, su ma suna da tasu sananniya. Ranar da aka yanka maka a gaban shaidu haƙƙinka ce kamar buhun takin da ka saya da kuɗinka. Tare ta haramun ne, an ci amanar alkawari kuma an cutar, alhali Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa.

Maganar iyaka ta fi ba ni tsoro, kuma maƙwabcin naka nake jiye wa. Muslim ya ruwaito daga Aliyu (RA) cewa Allah ya la'anci wanda ya sauya alamar iyakar ƙasa. A hadisin Sa'idu ɗan Zaidu kuma, wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci za a yi masa saƙandami da shi tun daga ƙasa bakwai. Taƙi fa aka ce, tsakanin babban yatsa da ƙarami. Mutane suna raina irin wannan saboda ba rana ɗaya ake yin sa ba: bana bakin fartanya ɗaya, baɗi wani, har yara su taso su tarar da kanal a inda yake su rantse nan ne iyaka. Gusawar kanal ba ta gusar da iyaka. A nemi waɗanda suka san wurin tun farko, a duba takardar rabon fili in akwai, a ja igiya daga tsohuwar alama, a mayar da kanal gurbinsa, a kafa turaku ko a dasa wani abu mai saiwa. Idan maƙwabcin ya ce ba zai yarda ruwa ya bi ta gefensa ba, ba shi da wannan ikon, tunda tsohuwar hanya ce. Sayyidina Umar ma sabuwar hanya ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bari ta ratsa gonarsa zuwa ta Dahhaku ɗan Halifa, har Umar ya rantse sai ta wuce ko da ta kan cikin Muhammadu ne. Gaskiya ne riwayar Ibnul Ƙasim daga Malik ita ce ba a tilastawa a kan sabuwar hanya, amma wannan saɓani bai taɓa hanyar da aka daɗe ana bi ba.

Saura batun buhuna. Kawar da abin da ya tare maka ruwa a ranarka halal ne. Farke su kuwa a'a, dukiyarsa ce. Ɗaga su za ka yi ka ajiye a gefe. Kuma ban yarda ka je da dare kai kaɗai ba. Mutum biyu masu fushi a bakin kanal cikin duhu, kowa da fartanya a hannu, mun san inda irin wannan ke ƙarewa. Shinkafar da ta yi ciki ba ta jiran zaman sulhu na mako guda, na sani, don haka gobe da sassafe ka ɗauki shugaban ƙungiya da mutum biyu cikin abokan layinku, su gani da idonsu, a buɗe ruwan a gabansu. Ka nemi a rama maka ranakun da aka cinye daga nasa rabon, amma kada ka rama da kanka ta hanyar tare masa ruwa. In ya ƙi, sai mai unguwa ko dagaci, in ta faskara sai alƙali. Asarar da shinkafar ta yi, alƙali ne zai sa masana noma su ƙiyasta ta, bayan an tabbatar tarewar ce sanadi.

Kai ma akwai naka: yashe kanal na ku shida ne, kada ka bar masa shi kaɗai sannan ka zo kana ƙorafin inda ya sara. Kuma duk ranar da gonarka ta ƙoshi tun layinka bai ƙare ba, ga tasa tana ƙuna, ka sakar masa ragowar.

Allah ne mafi sani.