Alhaji, kwamfutar taka ce, amma wa zai riƙe kalmar sirrinta?

Tambaya: "Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kaya na zuwa mini daga Aliero da Sakkwato. Ɗan yayana da ya gama sakandare ya ce in sayi ƙaramar kwamfutar tebur, irin wadda ba ta fi dikoda girma ba, ya riƙa shigar mini da ciniki da bashin da nake bin mutane. Ya ce in ba shi naira 450,000 ya je Computer Village ya haɗo komai, kuma in babu ciniki zai riƙa juya kuɗi a intanet da ita, cikin wata uku ta mayar da kuɗinta. Ni ban iya kwamfuta ba, shi zai kula da komai. Wace iri ya kamata ya saya?"

Alhaji, barka da kasuwa. Ka tambayi wace iri, zan faɗa maka, amma ba nan matsalarka take ba. Matsalarka tana cikin maganar nan da ka yi a ƙarshe: shi zai kula da komai. Wato shi zai sayo, shi zai faɗa maka farashi, shi zai buɗe imel, shi zai sa kalmar sirri, shi zai rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba, kai kuma ka zauna kana jin labari. Yau da wani ya ce ka miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha tara littafin bashinka ya kulle a akwatinsa, in kana son dubawa sai ka roƙe shi, da ka ce ba shi da hankali. To abin da kake shirin yi ke nan, har da biyan 450,000 a kai.

Ban ce yaron ɓarawo ba ne. Ba sai ya yi sata za ka shiga uku ba. Na san wani mai sayar da hatsi a Agege da ƙanin matarsa ya riƙe masa lissafi a kwamfuta tsakani da Allah, ko kwabo bai taɓa ci ba. Sai saɓani ya shiga tsakanin mutumin da matar, ta tafi gida, yaron ya bi yayarsa arewa. Imel ɗin da lambar wayar yaron aka buɗe shi, kalmar sirri tana kansa, littafin takarda kuwa an daina rubuta shi tun ranar da kwamfuta ta shigo shago. Masu abinci da ke karɓar buhu a kan bashi ba su daɗe ba suka gane babu rubutu. Wanda ake bi buhu takwas ya ce biyar ne, wata ta rantse ta biya tun kafin azumi. Ga kwamfuta a kan tebur tana kunnuwa lafiya lau, mai ita ba ya iya wuce shafin farko. Kuma da wa zai yi shari'a? Da surukansa?

Saboda haka kafin a kunna ta, imel da layinka za a buɗe shi, layin da ke cikin wayar da ke aljihunka. A kan Windows ana iya buɗe asusu biyu: babba mai ikon canza komai, wannan naka ne, ƙarami na shigar da aiki, wannan na yaron. Kalmar sirrin babban ka rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun fili. Harkar banki kada ta kusanci wannan kwamfuta, ta tsaya a wayarka. Littafin bashi kuma ba ya ritaya. Kowace yamma kafin a rufe, a ɗora littafi kusa da allo a gwada, layi da layi. Ranar Juma'a a kwafe komai a filash ka tafi da shi gida, wani kwafin kuma ya hau Google Drive, ma'ajiyar Google a intanet, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, abin da lissafin albasa ba zai cika ba har jikokinka.

Maganar "ban iya ba" kuwa, ban karɓa ba. Mutumin da ke lissafa tirela guda ta albasa a ka, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada kafin mai kalkuleta ya gama latsawa, ba zai ce layi biyar a manhajar lissafi ta Excel sun gagare shi ba: rana, suna, buhu nawa, abin da aka biya, saura. Ba a ce ka iya bugawa ba, ka iya karantawa. Aikin farko da za ka ba yaron shi ne ya koya maka wannan, kuma ka yanka masa albashi a gaban mahaifinsa, domin ɗan'uwan da ke aiki ba albashi shi yake yanka wa kansa.

Yanzu kayan. Ku tafi Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, tare, kada ka aika. Ku wuce masu tare mutane a bakin titi, ku shiga shago mai lamba da rasit. Tokunbo, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny duk sun isa. A nemi mai ƙwaƙwalwar Core i5 ƙarni na 8 ko sama, RAM (wurin aiki) gigabait 8, SSD (ma'ajiya) gigabait 256. Ƙarnin yana da muhimmanci, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar waɗanda suka girmi ƙarni na 8 a hukumance. A kunna a gabanka, a tabbatar ofishin da ya yi amfani da ita a Turai bai bar ta a kulle ba. A kiyasina, ita da allo da kibod da UPS (na'urar batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta) bai kamata su cinye 450,000 ba, sai dai farashi na bin dala, don haka ku tambayi shago uku.

UPS ɗin nan kada a yi masa rowa. Wannan ba laftof ba ce, ba ta da batir. NEPA na ɗaukewa ta mutu nan take da duk abin da ba a adana ba. Wutar da take ci kaɗan ce, cajarta galibi wat 65 ce, ƙaramar inbata ma ta riƙe ta. A ɗora ta a kan kantar shago, ba a ƙasa ba, saboda ruwan damina da ɓawon albasa da ke toshe fankarta. Kuma tunda tana shiga jaka, a ɗaure ta a bayan allo da ƙusa ko a kulle ta a durowa da dare.

Juya kuɗi a intanet kuwa, a'a, ko na gwaji. Mun ga MMM a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, duk tsare-tsaren ninka kuɗi ne da suka rushe da kuɗin mutane, kuma da yawa cikin waɗanda suka shiga, wani nasu ne ya ja su. Yaron da ke ganin kuɗin cinikinka kullum, yana kuma da wurin da yake ganin zai ninka su kafin ka lura, ka ɗora masa jarabawar da manya ma ke faɗuwa. Ka faɗa wa yayanka wannan sharaɗi da bakinka tun kafin ku hau motar Ikeja. In yaron ya ce in babu wannan ba zai yi aikin ba, ka riƙe kuɗinka ka ƙara buhunan albasa.